Abokin gardamar Malam

Jiya Alhaji Sani, aminin marigayi mijina, ya zo gaishe ni daga Faskari. Muna zaure sai rediyo ta taɓo maganar hana hawa babur saboda tsaro.

Shi da mijina Malam sun daɗe suna wannan gardama. Alhaji na son doka ko da ta matsa, Malam kuwa a bar talaka ya wala.

Alhaji ya juya wajen tabarmar Malam zai yi magana, babu kowa.

"Hajiya, da yana nan mi zai ce?"

Na ce, "Cewa zai yi, mai mota ya wuce, mai babur ya tafi gona da ƙafa?"

"Har yanzu bai da gaskiya," in ji Alhaji, yana share hawaye da hannun riga.

Allah Ya jiƙan Malam. Ku fa, gardamar wa kuke kewa?