Ƙosan Lahadi

Abin da na saka a faifai ran nan ba shi da yawa, amma nawa ne: shekara tara a kujerar dattawan ikkilisiya, makullin ɗakin ajiya na coci, da "Barka da zuwa, Baba Dattijo" da ake tarbata da ita tun daga ƙofa. Ga wanda ya fara da tallan wake a kwano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duka na saka su a kan gawar wata mai ƙosai.

Ni dilan wake ne a Gombe. Ita kuwa mijinta ya daɗe da rasuwa, tana suya a bakin titi a Barunde, ba nisa da cocinmu, kuma a wurina take sayen wake. Marayun ƙanwarta huɗu ne a hannunta. Safiyar Lahadi ce babbar kasuwarta, don masu zuwa sujada ba sa tsayawa girki. Sai ta kwashe kaskon ƙarshe sannan ta shigo, a makare, zanenta na ƙamshin mai.

Sau biyu dattawa suka ja mata kunne kan aiki a ranar Ubangiji. A na uku muka kira ta gabanmu bayan an tashi sujada. Zaman ya yi tsawo, yunwa ta kama mu kafin a zo kan maganarta. Sakatare ya zaro baƙar leda daga aljihun babbar rigarsa, ƙosai ne da ya saya da safe. Kowa ya san na wace ce. Muka ci, har da ni. Har yau tabon man yana nan a kan shafin da aka rubuta hukuncinta.

Da aka shigo da ita ta durƙusa, ta ce, "Iyayena, ku ba yaran nan abincin Lahadi, ni kuwa in kashe wuta tun Asabar."

Aka sa ta horo, wato ta koma bencin baya, ba ta cin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, sai ta tuba ta bari. Na ɗaga hannu tare da sauran.

Shekara biyu ta yi a bencin nan, ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma fasa suya ba. Wanda duk aka kwantar a asibiti zai gan ta da kunu a jug. Matar sakatare ma ta sha. Mu kuwa muna gaba, Fasto ya ce da alheri ake samun ceto, ba da kiyaye doka ba, mu ce amin. Mako ya zagayo ya ce bangaskiyar da ba aiki ba ta da amfani, mu ce amin da ƙarfi.

Ta rasu da damina, ciwon kwana uku. Muka zauna kan jana'izarta. Sakatare ya buɗe ƙa'ida: wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa coci, addu'a a gida, sai maƙabarta.

Nan na miƙe. Na gaya musu abin da dukansu suka sani: motocina masu zuwa kudu ranar Lahadi ake yi musu lodi. Leburorina Musulmi ne, 'yan unguwar Jekadafari, su ke ɗaga buhunan, ni kuma ina fita bayan an tashi coci in buga waya in ji ko mota ta cika. Na ce in suyar mudu biyar ta hana mutum shiga ɗakin Allah, to lodin tirela fa?

"Haba Dattijo," in ji ma'aji, "ai ba da hannunka kake ɗagawa ba."

"Kuma zakkarka ba ta taɓa makara ba," sakatare ya ƙara.

Na ce, "To ko dai ta shiga, ko ni ma ku sa ni horo yau."

Wani ya yi dariya. Fasto ya dafa kafaɗata, ya ce, "Zauna, Baba, zafin rashi ne ke magana." Abin da ya fi tayar mini da zuciya ke nan: ko hukuncin ma ba su yarda su ba ni ba. Aka ɗaga hannu, shida da ɗaya.

A bayan ƙaramar motata muka ɗauke ta. Mai shayin da ke kusa da murhunta, wani Bakano, ya rufe teburinsa ya zo ya kama mana akwatin. Da muka wuce ƙofar coci ba mu tsaya ba, ya juyo ya ce, "Maigida, ba nan ne wurin ibadarta ba?" Na ce nan ne.

Lahadin da ta biyo na ajiye makullin a kan teburin sakatare, na wuce bencin baya na zauna. Can nake har yau. Ban bar coci ba, don ba da Ubangiji muka saɓa ba. Daga can ma na gano wa'azi na isa baya sarai, sai dai ya fi zafi.

Ga lissafin. Na rasa kujera, na rasa makulli, gaisuwar ta koma "sannu" kawai. Gawar kuwa ba ta shiga ba, a nan faɗuwa na yi ƙasa warwas. Riba ɗaya ce, ita ma ba abin fahariya ba: duk Asabar ina aika wa yaran nan mudu uku na wake da ɗan mai. Abin da ta roƙa ke nan tana durƙushe a gabanmu. Bai kai wanda ake sharewa a ƙasan rumfata ba, kuma sai da ta mutu na auna shi.