Darasin da na fara gwadawa a kan mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi, na haɗa karatu biyu a shekara ɗaya: digiri na biyu a fiziks a Kano, da difloma ta koyarwa a nan gida Haɗeja. Litinin zuwa Laraba ina Kano, Alhamis da Juma'a ina koyarwar gwaji a wata sakandaren 'yan mata. Malamin da ke duba bincikena ya ce in ajiye ɗaya. Baffana ma haka ya ce, har da ƙarin cewa taurin kaina na gado ne. Na ce ko ɗaya ba zan ajiye ba, a zuba ido a gani.

To, an gani kuwa. Ranar da mai duba koyarwa ya zo ajina, darasinmu a kan yadda zafi ke ratsa abubuwa ne. Na cika allo da lissafi tun daga sama har ƙasa, ina zuba Turanci, ina jin kaina wata farfesa. Yara suka yi tsit, ni kuma na ɗauka burge su na yi. Da muka fito ya ce, "Malama, kin san fiziks, amma yau kanki kika koyar." Ya ba ni mako biyu, ya ce zai dawo. In na sake faɗuwa, sai in maimaita shekarar gaba ɗaya, kuma na san daga nan dole in saki diflomar.

Wallahi na ji haushi. Na iso gida ina ta masifa, na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana turara shinkafa, sana'arta tun ina goye. Ba ta ba ni haƙuri ba. Cewa ta yi in ja kujera in koya mata abin da na koya wa yaran.

Na fara. Ta ce ba ta gane ba. Na sake, ta ce har yanzu. Sai ta nuna tukunya da muciya.

"Bar allonki. Me ya sa ta ƙasa ke ƙonewa, ta sama ba ta ji wuta ba? Me ya sa sai na rufe da buhu take yi daidai?"

Ni mai digiri na tsaya ina inda-inda. Amsar tana kaina, amma da Hausa ta ƙi fitowa. Kwanaki muka yi a haka, duk yammacin da nake gari, tana juya shinkafa tana ƙure ni, har ranar da ta riga ni ba da amsa.

Da mai dubawa ya dawo, da tukunya da buhu na shiga aji. Yaran 'ya'yan manoman shinkafa ne, nan take musu ya kaure, wata har tana gyara mini yadda ake rufin. Sai da suka gama na rubuta lissafi layi biyu. Ya sa hannu, na wuce. Bayan wata huɗu na kare bincikena a Kano.

Har yau a sakandare nake. Wasu in sun ji karatuna sai su tausaya mini, wai na yi asarar digiri. Su riƙe tausayinsu. Da ƙyar na iya wannan aikin, ya fi digirin ba ni wuya, kuma ba inda za ni.