Saurayin da Ba Ya Ci a Gabana

Ƙarfe biyu da kwata na rana, wata Talata a daminar 1998, mu uku ne a zauren gidana a Gusau: ni, da ƙanena kafinta, da wani saurayi Bafulatani da ya ɗauko a tasha. Ciwon huhu ya cinye shanunsu a dajin Bungudu, gidan ya watse, satinsa biyu yana kwana a rumfar masu lodin Tsafe.

Lokacin ina da ɗakuna biyu a ƙofar gida, inda nake sauke samarin da ba su da wurin kwana na wata shida, kafin su kama sana'a. Dokokina uku. Ta farko, salla cikin jam'i. Ta biyu, kowa ya share wurinsa. Ta uku, a ci abinci tare da ni. Wanda ya ƙi har kwana bakwai ya raina gidan ke nan, sai ya ba wani tabarmar.

Na sauke saurayin nan. Biyun farko bai taɓa karya su ba. Amma da an ajiye tuwo sai ya ja gefe.

Na ce, "Kai, mi ya hana ka ci? Ko miyar tamu ce ba ta yi maka ba?"

"Na ƙoshi, Baba."

Sauran samarin suka ce, "Bar shi, Malam, nono yake jira."

Rana ta bakwai na sallame shi. Ya durƙusa ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bayan kwana biyu matata ta tambayi inda yake, don ɗumamen da take ajiye masa yana kwana. Ashe sai na fita yake ci, a wani lungu.

Da na gaya mata dalilin sallamarsa, ta ce, "Fulako ne, Malam, kunyar Fulani. A matsayin uba ya ɗauke ka. Su ba sa ci a gaban uba."

"Mi ya hana ki faɗa mini?"

"Ai ka ce maganar zaure ba tawa ba ce."

Na neme shi a tasha, sannan Bungudu, sannan Tsafe har 'Yandoto. Ban same shi ba. Samari da yawa sun zauna a ɗakunan nan, wasu har yau suna kawo mini 'ya'yansu gaisuwa. Shi nake son gani.

Dogo ne, da tabon ƙaho a girar hagu, yanzu zai kusa hamsin. Mai karatu, in ka san shi, don Allah ka gaya masa ni ne na yi kuskure, ya zo in roƙi gafararsa ina da rai.