Ranar da Goggo Ta Ƙara wa Miya Ruwa

Shekarun baya aka yi bikin ƙanwata a Zango, kuma shi ne biki na farko a gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu. Ba wanda ya faɗa da baki, amma mun san an zuba ido a ga ko gidan zai iya ɗaukar baƙi yadda aka saba. Mahaifiyata ba ta damu da kayan ɗaki ba kamar yadda ta damu da abu guda: kada a ce wani ya zo ɗaurin aure ya koma da yunwa. Ga shi a lokacin ciwon ƙafa ya matsa mata, ba ta iya tsayuwa a bakin murhu. Sai ta danƙa wa yayata ragamar girki.

Yayata abinci take sayarwa a tasha a Daura, tana da 'yan aikinta. Can magana ɗaya take yi: ke wanke, ke zuba, ke miƙa. Direba ba ya jira, ita ma ba ta jiran kowa. Ni kuwa, da yake an san tarihin girkina a gidan, wankin faranti aka ba ni, na karɓa ba gardama. Daga bakin randa nake kallon komai.

Tun da sassafe yayata ta ɗaure ɗankwali ta hau rabon aiki kamar tana tasha. Abin da ya kuɓuce mata shi ne, matan da suka cika tsakar gidan ba 'yan aiki ba ne. Dangi ne da maƙwabta, zumunci ya kawo su, kuma yawancinsu sun goya ta. A cikinsu akwai Goggo, yayar mahaifinmu, wadda tun kafin a haife mu ita ke miyar taushe a duk wani suna ko biki na gidan. Yayata, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce Goggo ta zauna ta yanka albasa, miya kuma ta ba wata maƙwabciya mai saurin hannu.

Goggo ta ajiye ludayi, ta koma gindin darbejiya ta fito da carbi. Ba a jima ba wata tsohuwa ta tuna kanta na ciwo, wata ta tuna ta baro jika a gida. Yayata na ƙara ɗaga murya, hannuwa na ƙara raguwa.

Mahaifiyata ta kira ni na kama ta, ta ɗingisa har gindin bishiyar ta zauna. Na ɗauka haƙuri za ta bayar, ko ta tsawata wa yayata. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ƙullin daddawa ta kwance ta miƙa.

"Hajiya, daddawar nan ban yarda da ita ba. Sansana min, in ba ta yi ba a canza."

Goggo ta sansana, ta ce daddawa ba ta da laifi, kabewar ce aka yanka manya-manya kamar za a ba shanu. Kuma wa ya ɗora tukunyar miya a kan irin wannan wuta? Kafin ta gama faɗan, ludayi ya koma hannunta.

Haka mahaifiyata ta bi su ɗaya bayan ɗaya daga kan tabarma. Tsofaffi shawara take nema a wurinsu, ko da ta san amsar. Mai suyar waina ba ta son a tsaya mata a ka, sai aka ba ta tanda da mai aka ƙyale ta. Wata sabuwar amarya daga maƙwabta, wadda ba ta taɓa girkin taro ba, ita kam daki-daki ake faɗa mata, har yawan gishiri. Aiki ya tashi, da hira da dariya. Yayata ta koma wajen tuwo tana ƙunƙuni, wai ana ta shawara kamar za a naɗa sarki.

A raina na riga na yanke hukunci: mahaifiyata ta iya shugabanci, yayata ba ta iya ba.

Ana gab da ɗaura aure ƙanena ya bugo waya daga masallaci. Dangin ango da aka ce mota guda ce daga Mai'adua, sun zo da 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka ta Kongolam, har da babbar mota cike. Ya ce ƙofar masallaci ba masaka tsinke. Abincinmu ko rabinsu ba zai kai ba.

Na ga fuskar mahaifiyata ta sauya. Amma ta yi abin da ta saba, ta tambayi Goggo me take gani. Goggo ta ce a sake tuƙa wani tuwon. Wata ta ce a aika gidajen maƙwabta a kwaso abin da suka dafa, wata ta ce ai wannan tonon silili ne. Mai waina ta ce a jiƙa wata shinkafar. Kowacce da hujjarta, kuma ba wadda ta yi ƙarya, sai dai muna jiyo lasifika liman ya fara addu'a.

Mahaifiyata ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta dubi yayata ta ce, "Karɓi. Yi irin naki."

Ban taɓa ganin mutum ya miƙe da sauri haka ba. Yayata ta ce a sauke tanda, a ɗora farar shinkafa a kowane murhu. Ta tura ni gidan maƙwabtanmu masu shanu in kwaso duk fura da nonon da ke akwai, a fara tarar baƙi da shi su jiƙa maƙoshi. Ta ce malmala a rage mata girma, nama a raba kowace tsoka biyu, kuma ba mai samun kwano shi kaɗai, a haɗa su a manyan faranti. Wata ta fara cewa ita a ganinta, yayata ta ce a ajiye ganin sai gobe. Sannan ta juya.

"Goggo, raba miyar nan tukunya biyu. Ƙara ruwa da gyaɗa."

Na tsaya da ƙwarya a hannu ina jiran carbi ya sake fitowa. Goggo ta kalli miyarta, ta kalli ƙofar gida. Sai ta ce a miƙo mata moɗa.

Baƙi sun ci. Ba zan ce an yi santi ba, amma ba wanda ya tashi da yunwa, har aka bi masu komawa ƙetare da sauran waina. Da la'asar na samu mahaifiyata a ɗaki tana share hawaye, na ja ƙofa na bar ta.

Da muna kwashe tukwane na tsokani Goggo. Na ce da safe albasa kawai aka ce ta yanka ta yi fushi, da rana aka sa ta ɓata miyarta ta yi da gudu.

Ta ce, "Ke yarinya ce. Da safe yayarki ce take magana. Da rana kunya ce ta doso gidan ƙanena, ita ta riga mu hango ta."

Yanzu ina da shagon ɗinki da mutane a ƙarƙashina, kuma nakan tuna ranar nan. Mafi yawan kwanaki irin na mahaifiyata nake yi: in tambayi wanda ya sani, in ƙyale wanda ya ƙware, in tsaya a kan sabon shiga. In salla ta matso kuma kaya sun taru, magana ɗaya ce, ba taro. Abin da har yau ban gama iyawa ba shi ne gane lokacin da za a sauya, da kuma sakin ragama ga wanda ya fi ni dacewa da wannan sa'ar, alhali da safe shi ne ya yi kuskure. Mahaifiyata ta yi shi daga kan tabarma, ba tare da ta ƙara kalma ba.

Goggo ta riga mu gidan gaskiya. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda ta ƙara wa miya ruwa ba. In an tayar da zancen sai ta ce gyaɗa ta ƙara.