Akwatin da Ya Kawo wa Kaka Hadari

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, yayana ya dawo daga Legas da kayan sauti, ya jibge su a soron gidanmu na unguwar Madabo. Cikinsu akwai wani baƙin akwati mai nauyi, wanda ya ce shi ke fitar da kaurin sauti. Ni ya bar wa haɗawa, don shi sai saye, ba ya da haƙurin waya.

Na jona masa wutarsa daban, na jawo waya ɗaya daga bayan rasiba, wato na'urar da ke rarraba sautin, na cusa masa. Sai na jingina shi da bango, na manta ginin ƙasa ne, kuma bayansa ɗakin kakarmu ne.

Muka kunna. Ba a kunne ake jin sa ba, a ƙirji ne, kamar ƙasa tana numfashi.

Can sai muka ji ƙarar bokitai a tsakar gida, muka fita mu duba. Kaka ce, wadda ta daɗe ba ta gani, take lalube tana jera su a ƙarƙashin indararo. Ga rana tsaka, ko gajimare babu.

"Ku kwashe shanya," in ji ta, "na ji cida daga gabas."

Yayana ya buɗe baki zai yi mata bayani, na taka masa ƙafa. Wata da watanni muna jiran ruwa. Na koma soro na ƙara sautin kaɗan, ita kuwa ta zauna a bakin ƙofa, fuskarta sama, tana jiran ɗigon farko.