Isufu ya rasu, kunya ta hana ni ɗaga kai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Isufu ya rasu.

Da safen nan ina tsaye a kicin, ruwan shayi ko tafasa bai yi ba, Alhaji Mamman ya kira ni. Ko gaisawa ba mu yi ba. Ya ce, "Malam Bala, sai haƙuri. Isufu lokaci ya yi."

Na ce wane Isufu? Alhali Isufu ɗaya ne a duk Greensboro da za a kira ni a kansa.

Ga waɗanda ba su san shi sosai ba, shi ne dogon nan siriri, mutumin Damagaram, mazaunin unguwar Glenwood, mijin Hadiza, baban Nana. Wanda idan an idar da Juma'a za ku ga an kewaye shi da wayoyi da laftof, kowa da matsalarsa.

Da yawanmu mun san "aikin kwamfuta" yake yi, iyakar saninmu ke nan. Wani ƙaramin kamfani yake yi wa aiki daga gida, masu yin gem ɗin yaƙi. Idan gem ya ƙi tashi a kwamfutar wani, ko ya tsaya cak ana tsakiyar fafatawa, Isufu ake rubuto wa, ya amsa da Faransanci ko Turanci. Shi ne kuma yake rubuta littafin bayani na masu son su yi wa gem ɗin ƙari da kansu, su zana sabuwar taswira ko su sako sababbin sojoji. Irin wannan ƙarin suke kira mod.

Yadda aka yi na san duk wannan, shi ne abin da nake jin nauyin faɗa. Amma yau ba ranar ɓoyo ba ce.

Bara aka rufe masaƙar da na daɗe ina aiki. Kun sani, ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Sai dai ni zaman gidan ya ci ni ba kaɗan ba. Gidanmu a McLeansville yake, maƙwabci ma sai ka hango shi daga nesa. Matata Hajiya ta fita aiki, yara su hau bas ɗin makaranta, a bar ni da ƙarar firji.

Har Juma'a ta zame mini nauyi. Ba sallar ba, gaisuwar bayanta. Kowa ya miƙo hannu sai ya ce, "Ya aiki?" Gaisuwa ce kawai, na sani, babu mai nufin komai. Amma bakina ya kasa cewa da godiya. Sai na koma liman na sallamewa in suri takalmi in nufi mota.

Isufu ya lura.

Wata Asabar sai ga tsohuwar motarsa a ƙofar gida. Ya shigo da faifai a hannu, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam, taimako na zo nema."

Wai Turancinsa warin Faransanci yake yi, yana son mai duba masa littafin bayanin nan kafin ya miƙa. Sannan akwai wata taswirar ƙasarmu da yake haɗawa, yana neman wanda zai riƙa bugawa yana gaya masa inda ta lalace.

Na ce, "Isufu, ni da furfurata zan zauna ina gem?"

Ya ce, "Bon, Malam, ordinatar ba ta tambayar shekaru." Haka yake kiran kwamfuta da Faransancinsa.

Ranar ya sa mini gem ɗin a kwamfutata. Ya kama hannuna a kan linzamin kwamfuta kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya rubutu.

Taswirar nan tasa, wallahi sai wanda ya gani. Sauran duk dusar ƙanƙara ce da gadoji da biranen Turai. Tasa kuwa rijiyoyi ne. Komai yawan tankokinka, in ba ka riƙe rijiya ba, ƙishirwa za ta gama da sojojinka kafin abokin gaba ya iso. Damina ta faɗi, hanya ta yanke, manyan motoci su kafe. Ya ce mini Turawa sun yi ta rubuto masa wai taswirar ta cika wuya. Ya amsa musu cewa ƙasar ce haka.

Wata rana muna hira ya tambaye ni sunan ƙauyen mahaifiyata. Wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Gombe, ko a taswirar gwamnati da ƙyar ka gan shi. Na faɗa masa, na manta da zancen.

Da ya turo sabon fayil, sai ga sunan a can gefe. Rijiya ɗaya, tsamiya ɗaya, bukkoki kaɗan.

Na daɗe ina kallon allon.

Tun daga nan na daina cin yaƙi. Duk sojojin da aka ba ni, can nake jibge su. Isufu ya duba ya yi ta dariya, ya ce, "Malam, wanga ƙauye ba shi da wani amfani a yaƙi fa." Na ce na sani. Bai ƙara ɗaga maganar ba.

Juma'ar da ta biyo bayan zuwansa na farko, ya riƙe ni a bakin ƙofa, ya hana ni gudu. Wani ya miƙo hannu, "Malam Bala, ya aiki?" Kafin in buɗe baki Isufu ya karɓe: "Ai Malam aiki ya yi mishi yawa. Ni ma na ɗora mishi nawa."

Haka ya rufa mini asiri a gaban jama'a, kuma bai yi ƙarya ba.

Ni kuwa na ɗauki aikin da gaske. Jan biro na saya. In gyara masa jimla, in kira shi in yi masa lacca a kan inda ake sa waƙafi, yana cewa, "To Malam. Na gode Malam."

Sai wata rana ya yi kuskure ya turo mini wani fayil. Babin da zan gyara ne, amma an riga an gyara shi tsaf, Turanci mai kyau, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ashe kamfanin suna da mai yi musu wannan aikin tun farko. Ba a jima ba sai ga wani saƙon: "Malam, yi haƙuri, wancan ba shi ba ne." Ya turo mai kurakuran.

Na yi kamar ban gani ba. Shi ma ya yi kamar bai turo ba. Na ɗauki jan birona na gyara.

Na taɓa zama kusa da shi yana aiki a ɗakinsa na Glenwood, Nana na hawa bayansa tana ba shi labarin makaranta da Turanci. Wani ɗan wasa ya rubuto da manyan baƙaƙe, zagi tun daga sama har ƙasa, har da cewa ya koma inda ya fito ya koyi magana. Raina ya ɓaci, na ce bari in rubuta masa amsar da ta dace da shi.

Isufu ya ce, "Ba ni yake zagi ba, Malam. Gem ɗinshi ya mutu yana gab da cin yaƙi. Bari mu tada mishi."

Ya rubuta masa abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da fatan nasara.

Allah ya taimake ni na samu wani aikin daga baya. Amma gem ɗin ban daina ba. Ina dawowa in ci abinci, in leƙa ƙauyena.

Makon jiya kamfanin suka sabunta gem ɗin, taswirar Isufu ta ƙi buɗewa a wajena. Allo baƙi ƙirin. Ranar ba ni da aiki, na ƙagu. Na kira shi bai ɗauka ba. Na sake kira. Da ya ɗauka muryarsa can ƙasa, ya ce, "Ina wani wuri, Malam. In na gama zan biyo."

Sai bayan la'asar ya iso. Na tare shi da wasa, na ce, "Yau ka shanya ni, Isufu."

Ya yi murmushi ya ce, "A gafarce ni."

Ana zafi, shi kuwa riga mai dogon hannu ce a jikinsa, ya ɓalle maɓallin har wuyan hannu. Hajiya ta kawo masa zoɓo da ƙanƙara. Ya ɗan kai baki ya ajiye. Na ce ko zoɓon Najeriya ne bai yi masa ba? Ya ce, "A'a wallahi, ya yi daɗi. Ba komi."

Ya gyara fayilolin, sannan ya ce fankar kwamfutar tana wani kuka da bai yarda da shi ba. Ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur ya buɗe ta. Da ya zo tashi sai da ya dafa kujera, ya tsaya, ya sake yunƙurawa. Na gani da idona. Na ce a raina zaman kwamfuta ne ya sa masa ciwon baya.

Taswira ta buɗe. Ya sa ni na maimaita gyaran da hannuna yana kallo, har na iya.

Na raka shi waje. Ya shiga mota ya rufe ƙofa, amma bai tayar ba. Ya jingina kai da kujera. Na ɗauka waya zai yi.

Na ɗaga masa hannu na koma ciki wajen gem.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau da na je gidan, falo cike da mata, Hadiza ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Na yi mata ta'aziyya. Na tambaye ta me ya same shi haka farat ɗaya, mutum lafiyarsa ƙalau?

Ta dube ni ta ce, "Yaya Bala, Baban Nana ya fi shekara ana yi mishi wankin ƙoda. Shi ya hana a faɗa."



Ta ce, "Ranar da ya je gidanku, daga asibiti ya wuce. Yana kan injin kuka kira. Na ce ya zo gida ya kwanta, ya ce a'a, Malam na jira."

Dogon hannun rigar, wurin allura yake rufewa. Zoɓon, likita ne ya ƙayyade masa ruwan da zai sha.

Ni kuma na ce masa ya shanya ni.

Ba da faɗa ta gaya mini ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi ya dawo ranar yana ba ta labarin yadda na iya gyaran da kaina, yana jin daɗi. Ni dai na kasa haɗa ido da ita. Mutum yana jinya irin wannan, yana zuwa gidana, yana cin abinci da ni, yana lura da abin da ke damuna tun ban faɗa ba, ni ko sau ɗaya ban dube shi da kyau na ce, Isufu, lafiya kuwa?

Ta roƙe ni abu ɗaya. Kwamfutarsa na kunne, saƙonni sai shigowa suke yi, ita ba ta san me za ta ce musu ba. Na shiga ɗakin na zauna a kujerarsa. Wani yana tambaya a kan sauti, wani taswirarsa ta ƙi hawa, wani godiya kawai ya zo yi. Na sanar da kamfanin, na kuma rubuta a dandalin 'yan wasan cewa wanda ke amsa musu ya rasu, ya bar mata da 'ya.

Kafin in tashi amsoshi sun fara zubowa, daga ƙasashen da Isufu bai taɓa takawa ba. Mutanen da ko fuskarsa ba su sani ba. Na karanta wa Hadiza kaɗan, na bari.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar in Allah ya kai mu. Masu neman bayanin wuri su tuntuɓi Alhaji Mamman.

Ina shirin shiga mota liman ya ja ni gefe. Ya ce tun da ciwon ya yi tsanani Isufu ya bar masa wasiyya, ya ambaci waɗanda yake so su yi masa wanka. Sunana ya fara kira.

Na ce, "Malam, anya ni kuwa?"

Ya ce, "Kai ya ce."

To, gobe da safe zan je. Ban san da wane ido zan dube shi ba, amma zan je.

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zame masa kaffara. Yadda ya suturta bayinka a duniya, ka suturta shi ranar tsayuwa. Ka ba Hadiza haƙuri, ka raya Nana cikin albarka.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu kafin ya wuce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya tsayar mini da hannuna gobe.