Lambar da Kaka ta ɓoye a waƙar reno

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na yi gyangyaɗi a barandar wani gida a Nassarawa GRA. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya Babanmu ya kwanta ciwo, karatu ya fara neman kuɓuce mini. Sai na ji wata ƙungiyar tsofaffin sojoji tana ɗaukar nauyin jikokin soja masu karatun jinya. Sharaɗinsu ɗaya, a kawo lambar kakan ta soja.

Ni kuwa kakana soja ne, amma ko ganinsa ban taɓa yi ba. Takardunsa gara ta cinye, matarsa Kaka ma ta rasu. Haka na taso daga unguwarmu Giginyu hannu rabbana, na nufi gidan nan da ofishin ƙungiyar yake, a ranar da za a rufe karɓa.

Dattijon da ke tantancewa ya dafa wani ƙaton littafi ya ce, "'Yata, masu sunan kakanki sun fi a ƙirga a nan. In ba lamba, ba yadda zan yi."

Na fito na zube a kujerar baranda. Unguwar tsit, iska tana kaɗa darbejiya, inuwa tana yawo a kan siminti. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Sai ga ni a bayan Kaka, ƙamshin man kaɗanya a wuyanta, tana jijjiga ni da waƙar nan tata da ba wanda ya san ma'anarta: "Sikis-tiri, fo-fo, nayin-wan-tu, yi barci." Ashe a fili nake rerawa!

"Ke, sake faɗa!"

Na buɗe ido, dattijon nan ne a kaina riƙe da biro. Kunya kamar in nutse. Na ce, "Baba, waƙar reno ce fa."

"Rera dai."

Na sake rerawa, ya rubuta, ashe lambobi ne da Turanci; ya ɗauko littafin, yana bi da yatsa har yatsan ya tsaya a kan sunan kakana. Sannan ya ce haka matan sojoji da ba su yi boko ba suke haddace lambar mazansu, don in an tafi yaƙi su je ofis su tambaya ko mutum yana raye.

Wallahi kuka na fashe da shi. Shekara da shekaru muna tsokanar Kaka da yaren aljanu, ashe fargabarta take rera mana.

Na samu tallafin, yau ga ni ma'aikaciyar jinya. Tun ranar na daina kiran maganar tsofaffi shirme. In tsohuwa ta fara sambatu a gadon asibiti, aka ce ruɗewa ce, ni kujera nake jawowa in ce, "Iya, sake faɗa."